Daga Mazari Zuwa Dilar Gwanjo: Tarihinmu Da Auduga A Mubi

A ƙarshen daminar da ta wuce, wasu yaran unguwarmu suka yi ta gardama a bakin wani kango da ke bayan masallaci. Wani tsiro ne ya fito a jikin katanga, tsawonsa ya kai ƙugun babban mutum, ga shi ya yi fure ruwan ɗorawa. Wannan ya ce kuɓewa ce, wancan ya ce rama ce, wata yarinya kuma ta rantse yakuwa ce irin ta bayan ɗakin innarta. Ana cikin haka sai ga wata dattijuwa da duk unguwa ke kira Goggo ta dawo daga barka. Ta tsaya ta duba, ta riƙe baki ta ce, "Kai 'ya'yan nan! Auduga ce fa. Ashe har mun zo zamanin da ɗan Bahaushe bai san auduga ba?" Wani daga cikinsu ya ce, "Haba Goggo, auduga ai fara ce, a kemis ake sayar da ita."

Yaran ba su yi nisa da gaskiya ba. A wurin masana tsirrai, auduga da kuɓewa da rama da yakuwa duk 'yan gida ɗaya ne, shi ya sa furensu ya yi kama. Na auduga yakan buɗe da safe yana rawaya-rawaya, kafin washegari ya koma ja-ja, sannan ya faɗi ya bar ƙwallo. Bayan kamar wata biyu ƙwallon ya fashe, farar auduga ta leƙo.

Da muka ji labarin, dariya muka fara yi, daga baya kuma jikinmu ya yi sanyi. Wannan tsiro da 'ya'yanmu suka kasa ganewa yana cikin manyan abubuwan da suka ɗauko kakanninmu daga ƙasar Hausa suka kawo su gindin duwatsun nan, ya ciyar da su, ya tufatar da su, da shi kuma aka yi musu sutura ta ƙarshe. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi sawun wannan tarihi tun da sauran masu tunawa a cikinmu.

Lokacin da zane yake kuɗi

Abu na farko da ya kamata mu faɗa wa kanmu shi ne, ba mu muka kawo auduga ƙasar nan ba. Mun tarar da ita. Fulani suna kiranta hottollo, Barebari sun daɗe suna nomanta, su ma mutanen ƙasa da ke zaune a kwari da kan duwatsu suna da tasu. Irin audugar wancan zamani ba a shuka ta kowace shekara. Ƙaramin itace ce da ake bari a bayan gida ko a gefen gona, ta shekara uku ko huɗu ana tsinka. Gashinta gajere ne, amma yana da ƙarfi, kuma ya dace da mazari.

A farkon ƙarni na 19 Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, aka kafa daular Fombina, wadda daga baya ta zauna a Yola a 1841. Mubi ta shiga ƙarƙashin wannan daula, hanyar fatauci kuma ta buɗe tsakanin Kano da Borno da ƙasashen kudancin Binuwai. Fataken Hausawa suka riƙa kwararowa da jakuna da 'yan alaro, suna kawo riguna da rawuna da baƙaƙen zannuwa, suna komawa da hauren giwa da sauran hajoji.

A watan Yunin 1851 wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya biyo ta Uba da Mubi a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola. Da ya isa Sorau, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Maiha, ya tarar da unguwar Barebari kusa da ta Fulani, ya kuma lura cewa abin da ake ciniki da shi a kasuwa ƙyallen saƙa ne siriri, faɗinsa bai wuce yatsu uku ba, wanda Fulani ke kira leppi. Da shi ake sayen hatsi da sauran kayan masarufi. A Borno ma irin wannan ƙyalle, gabaga, ya daɗe yana matsayin kuɗi. Wato a wancan lokaci, macen da ke kaɗi a tsakar gidanta da masaƙin da ke zaune a gindin bishiya, kuɗi suke bugawa da hannunsu.

Shi dai wannan Bature ya ga Kano a shekarar, ya kuma ba da labarin yadda tufafin da aka saƙa aka rina a can suke kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus, ta kudu kuma har Adamawa. To, a nan ne namu rabon ya fito. Abin da Bahaushe ya zo da shi gwaninta ce ta rini da bugu da ɗinki, da sanin kasuwa. Ya sayi farin sawaye a hannun mai saƙa, ya kai karofi a tsoma a baba, a buga shi ya yi ƙyalli, a ɗinka riga a yi mata aiki, darajarta ta ninka. A tsakanin wasu ƙabilun duwatsun Mandara kuwa, riga da ƙyallen saƙa suna cikin kayan aure, da su kuma ake naɗe gawar babban mutum, don haka mai sayar da tufa bai rasa masu saye ba.

Akwai ɓangaren da ba shi da daɗin faɗa, amma tarihi ba ya son a ɓoye masa. Wani kaso na audugar wancan zamani bayi ne suka noma ta a rinji, wanda Fulani ke kira rumde, kuma cikin hajar da wasu fatake suka koma da ita arewa har da mutane. Wasu daga cikin waɗanda aka kama kakannin maƙwabtanmu ne da muke cin kasuwa ɗaya da su a yau. Sanin wannan yana ƙara mana kunya da ladabi a zamanmu da su.

Daga gona zuwa jiki

Bari mu tuna wa matasa yadda aikin yake, don kalmomin ma sun fara ɓacewa daga bakinmu.

Idan hunturu ya shigo aka tsinko auduga, aikin farko shi ne gurza. Mace ta ɗora auduga a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse, ta riƙa murza siririn ƙarfe a kai har angurya ta fita. Daga nan sai shiɓa: a sa ɗan baka mai tsirkiya a riƙa kaɗa audugar har ta yi laushi ta tashi kamar kumfa, a naɗe ta a yi sutu. Sai kaɗi. Mace ta riƙe sutu a hagu, mazari a dama, da gululunsa na yumɓu a gindi don ya yi nauyi, tana shafa alli a yatsu tana murzawa, zare na fita. Akwai siririn zare mai ƙarfi da ake jan tsaye da shi, akwai kuma abawa mai kauri da ake jefawa a kwance.

Wannan kaɗi shi ne bankin matan kulle. Da kuɗin zare uwa take tara wa 'yarta tasoshi da kwanoni, da shi take biki, da shi take adashi, ba tare da ta taka ƙofar gida ba. Yara da tsofaffin mata su ne dillalai, su kai kasuwa su kawo ciniki.

Masaƙa iri biyu ce. Ta maza ita ce mai fitar da siririn ƙyalle: masaƙi na zaune, ƙafafunsa na taka igiya, ƙoshiya na kai da kawo, zaren ya miƙe gabansa can nesa an ɗaure shi da kunkuru. Ta mata kuwa a tsaye take a jikin bango, tana fitar da zane mai faɗi, irin su gwado da majanyi. Daga nan abin da za a rina ya tafi marina, abin da za a bari fari ya tafi wurin maɗinki. Ba abin da ake zubarwa. Angurya ta zama iri da abincin shanu, ragowar zare ya zama lagwanin fitilar aci-bal-bal, kararen kuma a hura wuta. Mutum nawa ke nan suka ci abinci a jikin tsiro ɗaya? Manomi, mai gurza, mai kaɗi, masaƙi, marini, mabugi, maɗinki, dillali, farke.

Zuwan Bisije

A can Ingila kuwa, masaƙun Lankasha sun dogara ne da audugar Amurka. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, auduga ta yanke musu, ma'aikata suka shiga yunwa. Wannan tsoro bai bar zukatansu ba, shi ya sa a 1902 suka kafa ƙungiyar noman auduga a birnin Mancesta, wadda Hausawa suka laƙaba wa suna Bisije. Har yau akwai unguwanni da ake kira da wannan suna a Funtuwa da Gombe. Burinsu shi ne ƙasar Hausa ta zama gonar audugar Ingila, kuma yana cikin dalilan da suka sa aka ja layin dogo har ya isa Kano a 1911.

Sai dai lissafin bai fita yadda suka so ba. Manoman Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi idan yunwa ta zo ana iya cin ta, sai suka rungume ta. Audugar da aka noma kuma, masaƙan gida suka riƙa saye da tsadar da Bisije ba ta iya biya. Sai a ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da Gusau ne abin ya kama sosai, musamman bayan an shigo da wani irin Amurka mai dogon gashi da ake kira Allen a wajen 1912, wanda daga baya masu bincike a Samaru suka yi ta gyara shi.

Duk wannan hidima ta farko ba ta shafi Mubi ba, domin a lokacin ba ma ƙarƙashin Ingila. Jamusawa sun kama garin nan a 1903, suka mai da shi bariki na kan iyakar Kamaru, har sai da Ingilishi suka karɓe shi a 1914. A 1922 aka ba Ingila riƙon amanar wannan yanki. Ga nisa, ga rashin hanya: kayan da za a fitar daga Adamawa sai an kai su Yola a jira Binuwai ta cika jirgin ruwa ya iso. Wannan nisa ya yi wa masaƙanmu rana, don akoko da alawayyo na kanti sun daɗe kafin su fi ƙarfin saƙar hannu a ƙauyukan nan.

Sabon tsarin ya iso gabas sosai ne bayan yaƙin duniya na biyu. A 1949 aka kafa hukumar cinikin auduga ta Nijeriya, a 1954 cinikin ya koma hannun hukumar Jihar Arewa, a 1956 kuma aka buɗe injin gurza a Gombe. Dattawanmu da suka yi noma ko awo a wancan zamani suna tuna yadda abin yake. Ana raba iri kyauta. Malamin gona ya ce a shuka daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli, amma manomi ba ya taɓa auduga sai ya gama da dawa, don ciki ne gaba. Da kaka a kai fuloti, a duba tsabtarta a ba ta lamba ɗaya ko lamba biyu, a auna, a biya farashin da hukuma ta yanke. Da kuɗin ake biyan haraji. Bayan an gama tsinka kuma doka ce a tuge karare a ƙone, don kashe tsutsar da ke kwana a ciki. Wannan doka da sabon iri su suka kori tsohuwar audugar bayan gida mai shekara da shekaru. A ƙasar Mubi dai gyaɗa ta fi auduga ƙarfi a matsayin abin sayarwa, amma namu mutanen sun ci abinci a duka biyun, wasu da awo, wasu da dako, wasu da mota.

Zamanin Kaduna

A 1957 gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello, tare da wani kamfanin Ingila, ta buɗe babbar masaƙar Kaduna. Wasu masaƙun suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa da Gusau. Audugar Arewa ta fara zama tufa a Arewa.

A daidai wannan lokaci ne mu ma aka tambaye mu inda muke so. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, kusan kashi 60 cikin 100 na mutanen Arewacin Kamaru ta Ingila suka zaɓi Nijeriya. Ranar 1 ga Yuni 1961 muka shigo, aka yi lardin Sardauna, Mubi ta zama hedkwatarsa. Tun daga nan kasuwar Mubi ta zama wata babbar ƙofa da atamfar Nijeriya ke fita zuwa Kamaru da Cadi. Da yawa cikin gidajen bulo na farko a unguwar nan, in aka bi asalinsu, ribar atamfa da yadi ce.

Amma fa mu lura, abin da ya ɗaga ɗan kasuwa shi ya kwantar da mai kaɗi. Atamfa ta fi sauƙi, ta fi launi, ta fi arha. Amarya ta daina son zanen saƙi a cikin lefe, gwado ya koma na tsofaffi, ko likkafani ma aka koma yankowa a kanti. Iyayenmu mata suka ajiye mazari suka kama ƙuliƙuli da ɗinkin hula. Tun masaƙun Kaduna na da rai, saƙar hannu ta fara mutuwa, kuma da hannunmu muka taya.

Yadda zaren ya tsinke

Daga shekarun 1970 abubuwa suka taru wa auduga. Kuɗin man fetur ya ja matasa zuwa birni, fari ya zo, farashin hukuma kuma bai biyan wahalar manomi. A 1986, zamanin tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Farashi ya sami 'yanci, amma raba iri mai kyau da duba lamba suka tafi tare da hukumar, iri ya cakuɗe, daraja ta faɗi. A 1997 aka ɗage hanin shigo da tufafi daga waje. Ga rashin wutar lantarki, ga tsadar baƙin mai, ga atamfar Sin mai arha da ke kwararowa ta kan iyakoki. Masaƙar farko ta Kaduna ta tsaya a 2002, babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida.

Abin da zai ba mu mamaki yana nan kusa da mu, a bayan duwatsun nan. A arewacin Kamaru Faransawa sun kafa nasu tsarin tun farkon shekarun 1950, a 1974 kuma aka yi kamfanin Sodecoton mai hedkwata a Garwa. Shi ke ba manomi iri da taki da magani bashi, ya sanar da farashi, ya zo ya saya. Ba su rushe nasu ba, kuma a wasu shekarun baya-bayan nan abin da suke nomawa ya haura tan 300,000. Ƙasa iri ɗaya, ruwan sama iri ɗaya, har ƙabilu ma ɗaya ne a wurare da yawa. Bambancin tsari ne da riƙon alkawari.

Gwamnatinmu ta yi wasu yunƙuri. A 2018 an amince da sabon iri mai jure tsutsa, a 2019 Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da tufafi samun kuɗin waje ta hannunsa. Amma duk wanda ya zaga layin 'yan yadi da na 'yan gwanjo a kasuwarmu ya san inda aka kwana. Jikokin fataken da suka kawo rigunan Kano yau dilar gwanjo suke kwancewa. Ba zargi muke ba, da yawanmu da ita muke ciyar da iyali. Sai dai Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Wani rashin kuma ya same mu a ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram suka shigo Mubi muka watse, wasu Yola, wasu Kamaru, wasu kan duwatsu. An karɓo garin cikin 'yan makonni, amma ba kowane tsoho ne ya dawo ba, kuma ba kowane tsohon akwati aka tarar a inda aka bar shi ba. Da mutanen da kayan, wani yanki na tarihinmu ya tafi.

Abin da ke hannunmu

Tayar da masaƙun Kaduna ya fi ƙarfin unguwarmu. Amma akwai abin da bai fi ƙarfinmu ba. Duk gidan da ke da tsohuwar da ta taɓa kaɗi ko tsohon da ya taɓa saƙa, rini ko awon auduga, a sa ɗa ko jika ya zauna da waya ya naɗi bayaninsa: daga wane gari iyayensa suka zo, wace hanya suka biyo, wa ya sauke su, me suka fara sayarwa. Wanda ke da mazari, ƙoshiya, dutsen gurza ko tsohon gwado, kada ya bari a hura wuta da shi ko a ba 'yan jari-bola, ya kawo a adana wuri ɗaya. Malaman makarantunmu na boko da na Islamiyya kuma, kunya biyu ta auduga a bayan aji ba za ta ci musu komai ba. 'Ya'yanmu da ke karatun aikin gona a jami'ar jiha da kwalejin kimiyya da fasaha da ke garin nan su ma ga abin bincike a ƙofar gidansu.

Ita kuwa audugar kangon nan, yaran ba su bari awaki sun cinye ta ba, ƙaya suka kewaye ta da ita. Da sanyi ya shigo suka tsinko abin da bai cika ƙwarya ba suka kai wa Goggo. Ta sa aka ɗauko mata dutse da wani guntun rodi ta gurje musu suna kallo. Da aka zo kaɗi aka nemi mazari gida-gida a layin ba a samu ba, sai da wani jikanta ya feƙe tsinke ta murza masa yumɓu a gindi. Hannun na rawa, amma zaren ya fita, kamu uku ko huɗu kafin ya tsinke.

Anguryar tana nan a cikin gwangwanin madara a ɗakinta. Ta ce idan Allah ya kai mu watan Yuni, duk yaron da ke so ya zo ya karɓi ƙwaya biyar, da sharaɗin ya zo da littafi da biro. Allah ya kai mu da rai da lafiya, ya jiƙan magabatanmu.